GYARAN HOTON BAƘI DA FARI: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Akwai wani ɗan'uwanmu mutumin Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, wanda ya daɗe yana sana'ar tattasai da albasa a kasuwar Mil 12 a nan Ikko. Duk abin da ya rage masa na kamannin mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, hoto ne guda ɗaya tak, baƙi da fari, wanda bai kai tafin hannu ba. A Nguru aka ɗauke shi tun zamanin Jihar Arewa Maso Gabas, watau tsakanin 1967 da 1976. Tsohon yana zaune bisa kujera da farar babbar riga da rawani, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa. Da yake hoton ya kwana biyu, ya yi ja-ja, gefensa kuma ya soma cinyewa.

Wata rana sai ya kai shi wurin wani yaro mai gyaran hoto da kwamfuta, ya biya kuɗi mai kauri, aka faɗaɗa aka sa a firam. Ya ɗauka da waya ya aika wa ƙanensa a gida, ya ce a nuna wa tsohuwa. Ta karɓi wayar ta duba, ta sake dubawa, sa'an nan ta ce, "Wane ne wannan?" Ƙanen ya ce, "Haba Inna, ai Baba ne." Ta ce, "A'a, wannan ba Malam ba ne. Malam baƙi ne, da tsagarsa ta gado. Wannan kuwa sai ka ce Balarabe."

Tsohuwa ta yi gaskiya. Yaron ya ƙara wa fuskar haske har ta koma fari fat, ya goge tsagar a kan ya zaci ƙarjewar takarda ce, rigar kuwa ta zama kamar farin bango, babu alamar aikin aska takwas da ke ƙirjinta. Wannan abu yana samun mutanenmu da yawa a Agege da Alaba Rago da Sabon Badun da Anacha da Fatakwal, shi ya sa a wannan makon muka ga ya kamata mu yi bayanin yadda ake zaɓen haske da duhu a hoton baƙi da fari, domin mai karatu ya san abin da zai nema, da abin da zai ƙi.

INDA HOTUNAN SUKA FITO

A 1930 ne hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru, tafiyar kilomita kusan 230, kuma nan ta tsaya. Wannan ya mai da Nguru babbar matattarar shanu da fatu da gyaɗa da ƙaro da bandar nama, waɗanda ake lodawa zuwa kudu. Mutanen Gashua da Machina da ƙauyukan Mangawa da Badawa duk nan suke kawo kayansu. Yadda jirgin ya kwaso iyayenmu zuwa kurmi, haka nan ya kai mutanen kudu arewa, kuma da yawa daga masu hoton farko a garuruwan arewa Yarabawa ne da Ibo.

Iri biyu ne masu hoton wancan zamani. Akwai mai akwati bisa ƙafa uku, wanda ke zama bakin tasha ko kusa da gidan waya, yana wanke hoton a cikin akwatin nan take, ka jira ka karɓa. Akwai kuma mai shago, wanda ke da fim da labule mai zane da ɗakin duhu. Daga shekarun 1980 injinan wanke hoto mai kala suka bazu, sana'ar baƙi da fari ta yi ta ja da baya. Saboda haka hoton baƙi da fari da ke cikin adakar gidanku, galibi ya girmi Jihar Yobe kanta, wadda aka ƙirƙiro ran 27 ga Agusta, 1991. Dodon hoton, watau fim ɗin da aka buga shi daga ciki, da wuya a same shi yanzu. Takardar nan da ke hannunka ita ce kaɗai shaida.

RANA DA RIGA DA FUSKA

Wahalar hoton mutumin arewa daga abu uku take: rana mai ƙarfi, farar riga, da baƙar fata. Idon ɗan Adam yana iya ganin zaren aikin riga da tsagar fuska a lokaci guda, amma takardar hoto ba ta da wannan faɗi. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, zai tashi ruwan toka matsakaici, wanda ke mayar da kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya faɗa kansa. To, in farar shadda ta cika hoto, sai kyamara ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuska ta nutse cikin duhu. In kuma aka buɗe don fuska ta fito, sai riga ta ƙone. Da tsakar rana abin ya fi muni, domin rawani ko hula na jefa inuwa bisa idanu.

Hoton mai akwati yana da ƙarin matsala. Da takarda yake yin dodonsa a maimakon fim, takardar hoto kuwa ba ta ganin jan haske, shi ya sa ma ake kunna jar fitila a ɗakin duhu. Da yake fatar mutum tana da ja-ja a cikinta, sai ta fito da duhu fiye da yadda take a zahiri. Ke nan ɗan ɗaga hasken fuska a irin wannan hoto ba laifi ba ne. Laifin shi ne a wuce gona da iri.

Lokacin hunturu kuma labari ya sha bamban. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan rufe sararin Gashua da Nguru, rana ta zama kamar faifai, inuwa ta ɓace. Hoton da aka ɗauka a irin wannan rana yakan fito dishi-dishi, babu baƙi sosai babu fari sosai. Shi wannan ƙarin kaifi yake bukata. Kaifi a nan shi ne nisan da ke tsakanin fari da baƙi. Maganin hoton hazo guba ne ga hoton bazara, don haka mai gyaran da ke danna abu guda ga kowane hoto bai san aikinsa ba.

DABARUN 'YAN ƊAKIN DUHU

Tsofaffin masu hoto sun san duk wannan, kuma suna da hanyoyinsu. Na farko, tun wajen ɗauka sukan zaunar da mutum a inuwa, ko su jira hantsi ko la'asar. Na biyu, wajen wanke fim akwai ƙa'ida: a ba fim isasshen haske saboda wuraren duhu, sa'an nan a taƙaita wankin saboda wuraren fari kada su toshe. Ruwan maganin ana so ya kasance a ma'aunin zafi 20, alhali a Gashua cikin watan Afrilu zafi kan haura 40. Magani mai ɗumi yana aiki da gaggawa, yana ƙara kaifi, don haka dole a sanyaya shi ko a rage lokacin.

Na uku shi ne zaɓen takarda. Takardun buga hoto suna da lamba daga 0 zuwa 5. Lamba 2 ita ce matsakaiciya, 0 da 1 masu laushi ne don hoton rana mai zafi, 4 da 5 kuwa masu kaifi ne don hoton hazo. A 1940 kamfanin Ilford na Ingila ya fito da takardar Multigrade, wadda ake canza kaifinta ta hanyar canza launin hasken da ake haska mata.

Na huɗu shi ne aikin hannu. Yayin da fitila ke haska dodon bisa takarda, inda haske ya fi daɗewa nan ne zai fi duhu. Sai mai hoto ya sa ɗan guntun kwali a bakin siririyar waya ya kare fuska na 'yan daƙiƙu, yana motsa shi don kada ya bar shaida, fuskar ta ɗan yi haske. Bayan haka ya ɗauko kwali mai huda ya ƙara wa riga haske ita kaɗai, har zaren aikin ya bayyana. Duk gyaran da ake yi da kwamfuta a yau jikan wannan dabara ne.

MATAKAI GOMA SHA ƊAYA

Wajen 1940 wasu Amurkawa biyu, Ansel Adams da Fred Archer, suka tsara wannan ilmi. Sun raba tsakanin baƙi da fari gida goma sha ɗaya, daga 0 zuwa 10. Mataki na 0 baƙi ne ƙirin, na 10 fari ne fat, dukansu biyu babu abin da ake gani a cikinsu. Na 5 shi ne ruwan tokar nan matsakaici. Na 3 duhu ne wanda har yanzu ana ganin saƙar tufa a cikinsa, na 8 kuwa shi ne fari na ƙarshe mai sauran zane. A jadawalin Adams, fatar Bature tana mataki na 6, fata mai duhu tana na 5.

In muka ɗauko wannan muka auna hoton dattijon Jajimaji, rigarsa ya kamata ta zauna tsakanin 7 da 8, goshinsa da kumatunsa inda haske ya sauka su zauna wajen 5, gefen da ke inuwa ya sauka zuwa 3 ko 4. Yaron kwamfuta ya kai fuskar 7, ya kai rigar 10. Abin da ke fito da baƙar fata a hoto shi ne ƙyallin goshi da karan hanci da kumatu a kan duhun da ke kewaye da su. In aka ɗaga duka fuskar gaba ɗaya, wannan bambanci ya tafi, kamanni ya bi shi.

Ya kamata kuma a sani cewa kayan hoto da yawa ba da mu aka auna su ba. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya soma raba wa masu wanke hoto mai kala wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake daidaita inji. Sai a shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launin fata dabam-dabam. Saboda haka kada ka ɗauka abin da na'ura ta zaɓa da kanta shi ne daidai.

DA WAYA DA KWAMFUTA

A hoton kwamfuta na yau da kullum, matakan toka 256 ne, daga 0 baƙi zuwa 255 fari. Manhajoji irin su Photoshop da Lightroom da Snapseed suna nuna wani zane mai kama da tudun rairayi irin na Tulo-Tulowa a Yusufari: hagu duhu, dama haske. In tudun ya jingina da bangon dama, an ƙone fari; in ya jingina da na hagu, an toshe baƙi. Ga tsarin da ya fi dacewa a bi.

Da farko a nemi wuri mafi haske a riga ko rawani, a rage hasken wuraren fari har a ga zare. Fari fat a bar wa ƙyallin ido da gilashin agogo kawai. Na biyu a nemi wuri mafi duhu, kamar ƙarƙashin kujera ko cikin zaure, a bar shi ya zama baƙi na gaske, domin hoton da babu baƙi a cikinsa kamar miya ce babu gishiri. Na uku a koma kan fuska, a ɗaga tsaka-tsakin toka kaɗan-kaɗan, ana yi ana duba hoton asali. Na huɗu a yi aikin hannu da burushin manhaja, a ɗan haska ƙarƙashin rawani inda idanu suke, a ɗan duhunta bango in yana janye ido. Sai a ƙarshe a taɓa ma'aunin kaifi, wanda sau da yawa alamarsa da'ira ce rabi fari rabi baƙi. Yawancin masu koyo da shi suke farawa, su ja shi har ƙarshe, domin hoto mai kaifi yana burge ido a kallon farko. Amma duk abin da aka ƙara wa kaifi, daga tsakiyar toka aka ɗebo shi, fuskokinmu kuwa a tsakiyar suke.

IN LAUNI ZAI KOMA TOKA

Matasa da yawa yanzu suna ɗaukar hoto mai kala su mai da shi baƙi da fari, musamman hoton biki da hawan salla da wasan kamun kifi na Bade a Gogaram. A nan akwai wani zaɓi kuma. Jar dara da koren ganye sun bambanta a ido, amma suna iya komawa toka iri ɗaya. Masu fim suna sa gilashi mai launi a bakin kyamara: kowane gilashi yana haska launinsa, ya duhunta kishiyarsa. Ja yana mai da shuɗin sama baƙi-baƙi, gajimare ya fito fili. Rawaya tana yin haka a hankali. Manhajojin yau suna da kwatankwacin wannan.

Misali, wanda ya ɗauki tsuntsaye a Dagona kusa da Gashua, ko masunta cikin kwalekwale a tafkin Nguru, ja ko ruwan lemo zai raba masa fararen tsuntsaye da sama. Amma a hoton mutum a yi hattara, domin launin fata yana cikin ja da ruwan lemo. In aka ja su sama, fata za ta yi fari ta yi sumul kamar an shafa mai. In aka ja su ƙasa, za ta yi duhu, kowane ƙurji ya fito.

DARASI DAGA BAMAKO

Kada a ce farar riga da baƙar fata ba sa haɗuwa a hoto. Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 ya rasu a 2001, galibi da hasken rana ya yi aiki a tsakar gidansa, ga manyan riguna ga atamfa ga labule mai zane, amma fuskokin mutanensa suna nan da ƙyallinsu. Malick Sidibe, shi ma na Bamako, ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Banis ta Italiya a 2007. A nan gida kuma J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya soma ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara hotuna kusan dubu. Baƙin gashi ne bisa baƙar fata, amma ana iya bin kowane layin kitso da ido, domin ya tsare matakan duhu bai bari sun haɗe ba.

Labarin Keita yana da wani darasi. Hotunan da ya ba masu su a Bamako ƙanana ne, santimita 13 da 18. A shekarun 1990 aka kai dodanninsa Turai aka buga su manya-manya don masu tara kayan fasaha, kuma masu nazari sun lura manyan sun fi na asali kaifin fari da baƙi. Bayan rasuwarsa aka yi ta jayayya a kan dodannin da irin bugun da ya dace. Ke nan dodo ɗaya na iya haifar da hotuna biyu masu magana dabam, gwargwadon hannun da ya buga.

NA'URA MAI ƘAGO FUSKA

Sabon haɗari shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu cewa suna sabunta tsohon hoto. Abin da babu shi a takarda ba za su iya dawo da shi ba. Abin da suke yi shi ne su cike gurbin da zato, daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kai. Sukan sa wa mutum ido da haƙoran da ba nasa ba, su share tsagar Bamange ko Babade ko Babarbare a kan tabo ce. Tsagar nan kuwa a da ita ce takardar shaidar mutum, da ita ake sanin gidansu da garinsu, kuma da yake al'adar tana ƙarewa, nan gaba a hoto kaɗai jikoki za su gan ta.

SHAWARA GA MAI KAI GYARA

Ɗaya, kada ka bar hoton asali ya kwana a shago, kada kuma ka yarda a manne shi cikin roba da zafi, domin ba ya ɓantaruwa. Biyu, a kwafe shi da na'urar sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci, kuma a kwafe da kala ko da yake baƙi da fari ne, don hakan na sauƙaƙa raba jan tsufa da ainihin hoton. Jan nan yawanci daga ragowar magani ne da ba a ɗauraye sosai ba, yana cin azurfar da hoton ya ginu da ita. Uku, ka karɓi kwafin da ba a taɓa ba, ka adana shi dabam. Huɗu, ka zauna a yi gyaran a gabanka, ka faɗa wa mai gyara tun farko cewa launin fata da tsaga da aikin riga ba a taɓa su. Biyar, a buga ƙarami a gwada kafin babba, domin fuskar waya fitila ce, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, hoto yakan fi duhu a kanta. Takardar jarida irin wannan ma ta fi shan tawada, shi ya sa hotunanmu kan fito da duhu in ba a ɗaga tsakiyarsu ba. Shida, in za ka aika gida ta WhatsApp, aika shi a matsayin fayil, don kada a matse shi.

Game da ajiya, a arewa gara ce abokiyar gaba, a kudu danshi, ga kuma ruwa, kamar ambaliyar 2022 da ta ci gidaje a sassan Yobe da Jigawa. A sa hoto cikin ambulan na takarda a wuri busasshe mai tsayi, a rubuta sunan mai shi da garin da shekarar da fensir a baya, a kuma raba kwafi ga 'yan'uwa.

Alƙalin ƙarshe dai shi ne wanda ya san mutumin da ransa. Ɗan'uwanmu na Mil 12 ya yi sa'a bai yar da ɗan ƙaramin hoton ba. Ya koma wurin yaron, ya ce masa, "Ɗan samari, a sake, amma yau ina zaune." Aka rage farin riga har aska takwas ta fito, aka mai da fuskar duhunta, aka bar tsagar inda take. Da aka nuna wa tsohuwa, ta daɗe tana kallo ba ta ce kome ba, can ta ce, "To, yanzu ga Malam."

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyauta namu zuwan. Sai mun sake saduwa a wannan fili.